Tsintacciya a Takarda

Mu marubuta littattafan soyayya muna da son tsintacciya. A ajiye jaririya a bakin masallaci ko cikin kwali a tashar mota, wata tsohuwa mai ƙosai ta ɗauka ta raina, yarinya ta tashi son kowa ƙin wanda ya rasa, sai can a littafi na uku a ga wani zobe ko tabo a kafaɗa, a gane ashe 'yar wani hamshaƙin attajiri ce. Makaranta suna so, masu shagunan littafi na Bata su ma suna so, don yana tafiya. To ni a gidanmu na ga tsintacciya ta gaske, kuma asalinta bai zo da zobe ba, sai da aka bi shi da kuɗi da hawaye har shekara huɗu.

Yayata da nake bi tana aure a Amurka, mijinta ma'aikacin asibiti ne. Shekararsu 12 Allah bai ba su haihuwa ba. A ƙarshen 2009 suka ɗauko yarinya daga wani gidan marayu da ke Adis Ababa ta ƙasar Habasha, ta hannun wata ƙungiya da ke yi wa mutane hanya. Lokacin abin yayi ne, tun da 'yar fim ɗin nan Anjalina Joli ta ɗauko tata a 2005. A 2010 kaɗai yaran Habasha sama da 2,500 aka kai Amurka.

Takardar da suka zo da ita shafi biyu ce. Ta ce ɗan sanda ne ya tsinci yarinya a gefen titi kusa da kasuwa, ba a san uwa ba, ba a san uba ba, shekararta ɗaya da rabi. Shi ke nan fa. Sai dai yarinyar kanta ta ƙaryata takarda. Likita ya duba haƙoranta ya ce wannan ta kai uku. Akwai tabon ƙuna a ƙafarta ta hagu wanda ba a rubuta ba. Kuma duk lokacin da aka ajiye mata abinci sai ta yi bisimilla kafin ta sa hannu, ta riƙa wasu 'yan kalmomi da babu mai ji. Wani direban tasi ɗan Habasha da suke masallaci ɗaya da mijin Yaya ya saurara, ya ce wannan ba Amharanci ba ne na mutanen Adis, yaren Oromo ne. Jama'a, yarinyar da ta san bisimilla, ai akwai wadda ta zaunar da ita ta koya mata.

Da Yaya ta bugo waya ta faɗa mana, gida ya rabu biyu. Masu cewa tun farko tsintacciyar mage ba ta mage suka samu abin faɗa. Wasu kuma, har da ƙanin mahaifinmu, suka ce a bar kaza cikin gashinta, tun da kotu ta ba su yarinya meye na tone-tone. Hajiyarmu ce ta kashe maganar. Ta karɓi wayar ta ce, "Ke, ranar da aka zo neman aurenta aka ce ina ubanta, ɗan sandan za ki nuna musu? Ki nemo mata ubanta tun sawu bai ɓace ba."

Ni ina bayan Hajiya, har gobe. Mu da muka tashi cikin riƙo mun san ba a ɓoye wa ɗan riƙo gidansu. Goggo ta ɗauke ka, ta yi maka komai har aure, amma sunan ubanka yana nan. Addini ma haka ya zo da shi: Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana kiransa ɗan Manzon Allah (SAW), har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Dokar Turawa kuwa sabuwar takardar haihuwa take bayarwa, a rubuta sunan wanda ya ɗauka a gurbin wanda ya haifa, kamar an wanke allo.

Ƙungiyar da ta yi musu hanya ba ta taimaka da komai ba. Wasiƙa uku Yaya ta rubuta, amsa ɗaya ta samu, wai abin da ke takarda shi suka sani. A 2012 ta samu wani mutum a Adis wanda sana'arsa ke nan, nemo wa iyayen riƙo dangin yara, don ashe ba ita kaɗai ba ce. Ta aika masa hoton yarinya na ranar farko, da takardar kotu, da rahoton 'yan sanda. Ya fara da ofishin kebele, wato kamar mai unguwa a wajenmu, ba su da labarin tsintuwar. Ya bi tsofaffin masu renon gidan marayun ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da wata da ta tuna yarinya mai ƙuna a ƙafa, ta ce ba daga titi aka kawo ta ba, a mota aka kawo su su shida daga Jimma. Jimma garin gahawa ne a kudu maso yammacin ƙasar, tafiyar kilomita wajen 350, kuma Oromo Musulmi ne suka fi yawa a yankin.

A wani ƙauye bayan garin ya samu uwar, da ranta da lafiyarta, a 2013. Mijinta ya rasu da tarin fuka ya bar ta da yara biyar, tana tsinkar gahawa a gonar mutane. Wasu suka zo suka ce za a kai ƙaramar karatu ƙasar waje, za a riƙa aiko hoto, in ta girma ta dawo. Ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba. Su ma Oromo suna da riƙonsu na gargajiya, gudifacha suke ce masa, inda yaro ba ya ɓace wa danginsa, don haka ita a ganinta riƙo ta bayar. Allah sarki.

Daga bakinta aka ji komai. An haifi yarinya bayan ƙaramar Sallah, lokacin tsinkar gahawa, a shekarar 1999 ta lissafinsu. Kalandar Habasha tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas, wato ƙarshen 2006 ke nan, likita ya yi gaskiya. Ƙunar kuwa garwashin da ake soya gahawa ta taka tana tatata. Aka samu sunan uba da na kaka, su ma kamar mu sunan uba yaro ke bi.

Kada mai karatu ya ɗauka tsautsayin gidanmu ne kawai. A watan Oktoba na 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransawa, Arche de Zoé, a Abeche ta ƙasar Cadi, za su hau jirgi da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne, bincike ya nuna mafi yawansu suna da iyaye ko dangi a raye. Ita ma Anjalina Joli an ce mata uwar 'yarta ta rasu, sai ga 'yan jarida sun samu matar a 2007. Inda duk aka sa kuɗi a kan maraya, to marayu za su yi yawa. A watan Janairu na 2018 majalisar Habasha ta hana baƙi ɗaukar yaran ƙasar gaba ɗaya.

Abin da ba mu rubutawa a littafi shi ne daren da ya biyo bayan labarin. Yaya ta kira ni wajen ƙarfe biyu na dare agogonmu, muryarta a dashe, ta ce, "Yanzu ni mece ce a wajenta? Uwa ce ko ɓarauniya?" Na ce, "Yaya, ɓarawo ba ya biyan kuɗi a nemo mai kaya." Ban sani ba ko ta ji ni, kuka kawai take yi. Mijinta ne ya yi ƙarfin hali ya sa mai binciken ya tambayi uwar ƙiri-ƙiri ko tana son a dawo mata da 'yarta. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce a bar ta ta gama karatun, amma a kawo ta ta gan ta. Tambaya biyu ta aiko da su: tana salla? Ƙafar ta warke?

A 2019 suka kai ta Jimma, tana da shekara 12. Yaren ya riga ya gudu, sai da tafinta, kuma Yaya ta ce min yini guda yarinyar ta yi a maƙale da hijabinta ta ƙi zama kusa da matar da ta haife ta. Sai washegari da yayyenta suka fito, ta ga goshinta a fuskar mutum huɗu, ta saki jiki. Aka kai ta kabarin ubanta.

Yanzu tana jami'a. Da ta cika 18 ita da kanta ta je kotu ta sa aka mayar da sunan mahaifinta a takardunta, ta bar na mijin Yaya a tsakiya. Ranar haihuwar ce har yau ba a gyara ba, lauya ya ce sai an kawo shaida a rubuce daga Jimma, ƙauyen kuwa babu wanda ya rubuta.