Ga Wadda Take Zaune a Bencin Baya

Karatu: Zabura 73, 1 Sarakuna 19:1-18

A yawancin majami'unmu akan keɓe lokacin ba da shaida. Wannan ta tashi ta ce Ubangiji ya ba ta haihuwa bayan shekaru na jira, wancan ya ce an ƙara masa girma a wurin aiki, wata kuma ta sanar da ranar aurenta. Jama'a su amsa da Halleluya, mata su rangaɗa guɗa. Hakan daidai ne, gama ya kamata a yabi mai bayarwa. Amma a kowace irin wannan rana akwai wanda bakinsa yake cewa Amin, zuciyarsa kuwa tana tambaya, “Ni kuma sai yaushe?” Yakan koma gida da nauyi biyu: abin da ya rasa, da kunyar cewa ya ji zafin murnar ɗan'uwansa.

A cikin Zumuntar Mata tamu akwai wata 'ya da ke zaune a Hotoro, wadda ta yarda in ba da labarinta ba tare da suna ba. An haife ta da ciwon sikila. Iyayenta ba su san cewa dukansu biyu suna ɗauke da ƙwayar ciwon a jininsu ba, kuma in haka ta kasance, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon sosai. Ƙanwarta ta kuɓuta, ita kuwa ya faɗa a kanta. In hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, ƙasusuwanta sukan ɗauki ciwo kamar ana sara da gatari. Tafiyar Adaidaita Sahu daga Hotoro zuwa Sabon Gari domin sujada, wadda wasu ba sa ko lissafa ta, takan kwantar da ita kwana biyu. Inda take aiki sun sallame ta saboda yawan kwanciya asibiti. Wanda ya yi maganar aurenta ya janye.

Da na je gaishe ta bayan bikin sunan ɗan ƙanwarta, sai ta ce mini, “Mama, na yi rawa tare da kowa, amma da na shiga ɗaki sai na ji haushin lafiyarta. Ashe ni muguwa ce? Allah zai saurari addu'ar mai hassada kuwa?” A lokacin ta daina cin Jibin Ubangiji, ta daina addu'a, abinci ma sai an matsa mata. Barci ya ƙaurace wa idonta. Ta ce wani lokaci takan ga gara a ce ba ta farka ba.

'Yata, ga amsar da na fara ba ki a ranar, na kuma rubuta ta domin duk mai irin tambayarki.

Wanda ya rubuta Zabura 73 ba baƙo ba ne a gidan Allah. Asaf Balawe ne, ɗaya daga cikin shugabannin mawaƙa da Sarki Dawuda ya naɗa. Duk da haka ya faɗi a fili cewa saura kaɗan ya zame, domin ya yi ƙyashin waɗansu mutane. Abin da ya fi tsaya masa a rai kuwa shi ne lafiyar jikinsu, suna yawo ba ciwo ba wahala, alhali shi yana tashi da azaba kowace safiya. Har ya fara tunanin ko tsarkake zuciyarsa da ya yi aikin banza ne. Allah bai share wannan zabura daga Littafinsa ba. Ya bar ta a tsakiyar waƙoƙin sujada domin a riƙa rera ta a gabansa. Wannan ya nuna mana cewa kunnensa yana iya ɗaukar maganar da mu muke jin kunyar faɗa wa juna.

Hassada zunubi ce in aka ba ta masauki, aka yi ta ciyar da ita har ta kai mutum ga fatan sharri ko ɓata sunan wani. Ita ce ta sa Kayinu ya tashi a kan Habila, ta kuma sa 'yan'uwan Yusufu suka sayar da shi. Amma dubi bambancin: waɗannan sun kai zafin zuciyarsu kan ɗan'uwansu, Asaf kuwa ya kai nasa Haikali. A can ne idonsa ya buɗe. Bai fito da sabon jiki ba, domin a ƙarshen zaburar ma yana maganar jiki da zuciya masu gajiya. Abin da ya fito da shi shi ne sanin cewa duk lokacin da yake gunaguni, Allah yana riƙe da hannunsa na dama. Saboda haka kada ki jira sai zuciyarki ta wanku kafin ki yi addu'a. Ki je da ita yadda take, a wurinsa ake wankin.

Game da duhun da ya rufe ki, ki tuna da annabi Iliya. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel har Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Me Ubangiji ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa mai ɗumi da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb aka zo kan magana. A can ma aka gyara masa lissafi, aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Wanda ya halicci jiki bai raina bukatar jiki ba.

Don haka shan maganinki a kan lokaci, da yawan shan ruwa, da rufe jiki daga sanyi, da kwana cikin gidan sauro, duk ɓangare ne na biyayya. Baƙin cikin da ya wuce makonni yana hana barci da cin abinci, har ya sa mutum ya ƙi ransa, ciwo ne mai suna, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, yana kuma da magani. Akwai masu duba shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau. Zuwa wurinsu ba ya rage bangaskiya. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara guda da Ayyukan Manzanni, likita ne. In tunanin mutuwa ya sāke zo miki, ki faɗa wa wani a wannan daren, kada ki bari sai gari ya waye.

Ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta. Muna roƙon warkarwa da dukan zuciya, gama Ubangiji mai iko ne. Ko ya amsa yau, ko ya jinkirta, darajarki a wurinsa ba ta rataye a kan takardar gwajin jini ba. An riga an biya ta a kan gicciye.

Saura kuma mu, ikkilisiya. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin kula da masu ciwon kuturta a Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya a nan Kano. Sunan wurin nan na Kano kansa wa'azi ne: a ya da kunya. Mutanen da ake gudu suka sami inda ake taɓa su, ake wanke musu miki. Wannan gādo namu ne, bai kuwa kamata mara lafiya ya riƙa jin kunya a tsakaninmu ba. Mu daina tambayarsa wane zunubi ya ɓoye. Almajirai sun yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, Yesu kuwa ya ƙi karɓar ta. Mu daina ce wa mai damuwa ya yi haƙuri kawai mu wuce. Mai mota ya biya ta Hotoro ya ɗauko ta. Mai lafiyayyen jini ya ba da in an nema. Dattawa su kai mata Jibin Ubangiji har gida. In muna ba da shaida kuma, mu yi ta da tawali'u, mu bar wuri ga wanda shaidarsa ita ce ya ga safiyar yau bai saki Yesu ba. Wannan ma babbar shaida ce.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai ka san ƙirarmu, ka san inda yake yi wa kowannenmu ciwo. Muna kawo maka 'yarka, da dukan masu kwana da azabar jiki da nauyin zuciya. Ka sassauta ciwon ƙasusuwanta, ka ba ta barci mai daɗi, ka mayar mata da sha'awar abinci. Ka ba likitocinta hikima. Inda ƙyashi ya fara tsiro a zuciyarta, ka tumɓuke shi da hannun tausayi, ka ba ta ikon sa wa ƙanwarta albarka da gaskiya. Ka kore ƙaryar da ke ce mata ba ta da amfani. A daren da ba ta iya furta kome ba, bari Ruhunka Mai Tsarki ya yi roƙo a madadinta. Mu kuma ka buɗe idanunmu mu ga wanda yake bencin baya, ka ba ƙafafunmu saurin zuwa wurinsa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.