Firijin ofishinmu da batirin da muka kusa zubarwa ba laifinsa

A taron da ya wuce wasu sun nemi in yi bayanin abin da ya sami firijin ƙungiya a watan Maris na 2025, da dalilin da ya sa kwamiti ya janye maganar karo-karon sayen sabon batir. A littafin taro na rubuta shi a layi uku. A nan zan faɗe shi dalla-dalla, domin akwai hannuna a cikin ɓarnar, kuma na san gidaje da shaguna da dama a Ashige suna fama da irin wannan matsala.

Ga waɗanda ke nesa da gida, ga yadda abin yake. Ƙungiya ta sayi ƙaramin firiji mai aiki kai tsaye da batir, irin na bolt 12, da batir guda na ruwa mai amp 200, da farantan sola biyu, da kwantirolar caji. Babban dalilin sayensa shi ne 'yan uwanmu masu ciwon suga da ke yin allurar insulin. Mutum zai tashi takanas ya je Lafia ya sayo ta wata biyu ko uku, ya dawo ya rasa inda zai ajiye, ga wutar lantarki ba ta da tabbas. Insulin ɗin da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kowa ya san zafin Maris a ƙasar Lafia, da rana yakan doshi digiri 40. Mutum biyar ne ke ajiya a wurinmu, kowa da ledarsa da sunansa, mabuɗi kuma yana hannuna.

Shekara guda muka yi ba mu ji ko tari ba. Sai ga azumi ya faɗo cikin Maris. Wata safiya na buɗe ofis, na sa hannu cikin firiji na ji sanyin ba nasa ba ne. Kafin hantsi ya ɗaga ya kama aiki garau, har na ce ƙila jikina ne. Washegari ma haka. A kwana na uku mai gadin layinmu ya ce mini wajen ƙarfe uku na dare yana jin abin yana gurnani kamar zai tashi, sai ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa, haka har gari ya waye.

Nan take kowa ya zama injiniya. Wani ya ce batir ya mutu, wani ya ce dama jabu aka sayar mana, wani ya ce iskar firijin ce ta tsiyaye. Maganar batir ce ta fi rinjaye, ni ma a kanta na tsaya. Muka tambayi farashi a Lafia aka ce ya haura naira dubu ɗari biyu, ma'aji ya ce asusu ba zai ɗauka ba sai an yi karo-karo.

Kafin a kai ga haka sai na yi dabarar kaina. Na murɗa maɓallin sanyi zuwa ƙarshe, wai ya tara sanyi da rana ya isa dare. Bayan kwana biyu wata dattijuwa cikin masu ajiya ta zo karɓar kwalba. Ledarta na jingine da bangon firiji ta ciki. Da na ɗauko sai na ga ƙanƙara ta kama ledar, kwalba ɗaya kuma ta daskare. Ta dube ni ta ce, "Sakatare, ai sanyi ake so ko? In ta narke sai in yi." Na ce, "Inna, dakata mu tambayi masu sani tukuna." Na kira ma'aikaciyar lafiyar da ke duba ta. Ta ce kada a kuskura, insulin in ta daskare ta tashi aiki ko da ta narke ta koma kamar lafiyayya, a zubar kawai. Ta ƙara da cewa wadda aka buɗe tana iya kaiwa kamar mako huɗu a ɗaki matuƙar zafin bai wuce digiri 30 ba, amma wadda zafi ya daka ƙarfinta na raguwa ba tare da ido ya gani ba, mutum na allura suga na hawa. Ƙungiya ta biya Inna kwalbarta, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Da jikanta ta aiko ina sauri na miƙa masa ledar, da shi ke nan.

Shugaba ya ce kafin a tara ko sisi a nemo wanda zai auna. Aka kawo mana wani matashi mai haɗa sola, ɗan nan yankin, ya zo da mitarsa bayan sallar asuba, domin ya ce da rana ba za a ga komai ba. Ya fara cire komai daga jikin batir, ya bari ya huta, sannan ya auna: bolt 12.2. Ya ce batirin ruwa in ya cika ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.7, in ya nuna 12.2 ya kai rabi ke nan. "Yallaɓai, batirin nan da ransa. Yunwa yake ji, bai mutu ba."

Sai ya mayar da waya, ya koma bayan firiji ya ɗora mita a daidai inda wayar ta shiga. Kafin injin ya motsa mita na nuna 12.1. Yana yunƙurin tashi sai lambar ta faɗo ƙasa da 10.4, injin ya tsaya, lambar ta koma sama. Ya yi mana bayani cewa irin wannan firiji yana da abin kariya a ciki, wanda ke kashe shi in wuta ta yi ƙasa don kada ya tsotse batir ƙarƙaf. Da yawansu suna yankewa a 10.4, su sake gwadawa in ta haura 11.7. Gurnanin da mai gadi ke ji ke nan. Da rana sola na ɗaga wutar zuwa 13 ko 14, shi ya sa ko an yi asara a hanya abin da ya iso ya isa. Da dare kuwa babu rarar da za a yi asara.

To ina kusan bolt biyu ke zuwa tsakanin batir da firiji? Ya bi wayar da hannu, ya bi bango, ya zagaya bayan kabad, har ya isa kusurwa. Ya ce, "Wa ya ja wannan wayar?" Kowa ya yi shiru. Ni ne na ja ta. Watanni kaɗan kafin nan na matsar da firijin zuwa ɗaya kusurwar don teburina ya samu wuri kusa da taga. Wayar asali ba ta kai ba, sai na sayo siririyar waya irin ta ƙwan fitila, wajen mita takwas, na murɗa na naɗe da salatif. Na ɗauka waya waya ce. Ashe a wutar gida mai bolt 230 in bolt ɗaya ko biyu sun ɓace ba mai sani, amma a bolt 12 su ne bambancin aiki da mutuwa. Kuma wutar zuwa take ta dawo, mita takwas ya zama sha shida. Da ya feɗe bakin wayar ma sai ga shi ba tagulla ce zalla ba, farin ƙarfe ne aka shafa wa ja. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mako guda ina zagin mai shagon batir a zuci.

Amma waya ba ita kaɗai ba ce. Ya tambayi dalilin da batir ke kaiwa rabi kafin asuba, ya sa na ɗauko biro muka yi lissafi. Amp 200 sau bolt 12 ya ba da 2,400, wato abin da batirin ke ɗauka a ma'aunin wat na awa. Batirin ruwa ba a son a riƙa cin fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 1,200. Firijinmu na jan wajen wat 60 in injinsa na juyawa. Ko da zai yi awa goma yana juyawa daga faɗuwar rana zuwa hantsi, 600 ne. Ya kamata a samu rara. Rarar ta tafi ne a wurin da duk muka sani muka kau da kai. An jona inbata ana cajin wayoyi, ga fanka, kuma ita inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan wuta muddin tana kunne. Da azumi ya zo aka riƙa cusa fiya wata da zoɓo da la'asar, masu ɗumi, injin ya kwana yana aiki ba hutu. Kowa na cewa nasa ɗan kaɗan ne.

Da ya hau rufi ya shafa farantin sola sai yatsansa ya fito ja. Ƙurar hunturu ce tun Disamba, ba wanda ya taɓa wankewa, mun bar wa ruwan sama. Kan batir ya yi farin gari da kore, ruwan ciki ya ja baya a gida biyu. Firijin kuma na manne shi da bango, a ɗakin kwano marar silin, zafin da yake fitarwa ta baya ba shi da hanyar fita.

Gyaran bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. An dawo da firiji kusa da batir, tazarar ba ta kai mita biyu ba, da waya mai kauri ta milimita 6, tagulla ta gaske, da fis a kusa da kan batir. An wanke kawunan da ruwan zafi da burushi, aka ɗaure tam aka shafa giris. An ƙara ruwan batir na kwalba, wanda aka tace, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana da gishirin da ke kashe batir. An wanke farantai da sassafe kafin su yi zafi. An janye firiji daga bango kamar tafin hannu guda. Ya kuma gargaɗe mu kada a kunna ashana ko sigari kusa da batir yana caji, don iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Teburina ya koma inda yake da, nesa da taga.

Kwamiti ya yanke abubuwa huɗu, kuma suna manne a ƙofar ofis. Firiji na magani ne, ba a sa abin sha sai gorunan ruwa huɗu da ke zaune a ciki dindindin don riƙe sanyi. Ba a jona komai a batirinsa. An sa ma'aunin zafi a ciki, ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma a littafi, magani kuma yana cikin roba a tsakiya, ba ya taɓa bango. Wankin farantai da duba ruwan batir an raba wa matasa bi da bi, da suna da rana, domin abin da aka ce na kowa ne shi ne ba mai kula da shi.

Mun kuma tanadi madadi. Tukunya ce ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Dabarar da malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa ke nan, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba ta kai firiji sanyi ba, kuma ta fi aiki a lokacin rani da iska ke bushe, amma in aka samu matsala za ta kare magani daga zafin rana kafin a gyara.

Shawarata ga duk mai firiji ko firiza ta sola, musamman iyayenmu mata masu sana'ar ƙanƙara da kunun aya: in abinki na aiki da rana yana mutuwa da dare, kada ki yi saurin sayen batir. A sa a auna a wuri biyu, a kan batir da bayan firiji, da asuba, lokacin da injin ke yunƙurin tashi. In lambobin sun yi nisa da juna, waya ce ko mahaɗa. In batirin ne ba ya cika, a duba ƙura da yawan kayan da aka ɗora masa. In duk an gyara waɗannan, ya cika da rana amma ya zube cikin awa biyu ko uku, to a lokacin ne za a ce ya gaji.

Batirin da muka so zubarwa yana nan yana aiki. Littafin ma'auni na kan tebur ga duk ɗan ƙungiya da ke son dubawa, kuma wanda ke da maganin da ke buƙatar sanyi ya same ni a ofis, akwai sauran wuri. Inna kuma, na sake neman afuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Sakataren Ƙungiya