Elmina: hutun bakin teku da sunayen Hausa a kan hanyar bayi

1/ Masu ta tambayata labarin tafiyata Ghana, to ga shi. Kwana tara na yi bayan mun gama jarabawa, biyu daga ciki a Elmina da Cape Coast. Zaren da ɗan tsawo, ku nemi wuri ku zauna.

2/ A Nima na sauka, cikin Akra, gidan Kawuna. Wallahi a Nima sai ka wuni ba ka yi Turanci ba. Da safe koko da ƙosai, da rana waakye, wato dai wake da shinkafarmu ce aka murɗa sunan. Hausarsu dai ba ruwanta da mace da namiji, sai ka ji an ce "yarinyar ya tafi kasuwa". Kwana biyu na saba.

3/ Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, daga nan Elmina 'yar tafiya ce kaɗan. A hanya akwai garin da cunkoson motoci ke riƙe mutane, sunansa Kasoa. Kawu ya ce in sake faɗin sunan a hankali. Kasuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Wanda ya tashi a Kano, ruwan da ya sani bai wuce Tiga ba, ranar da ya ga teku sai ya yi shiru. Ga ƙarni na kifi, ga ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti da tutoci a bakin tafkin Benya, ga mata na ciniki da ƙarfi da harshen Fante. Ran Talata masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce.

5/ Sai ga ginin, fari fat a kan dutse. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shekara goma kafin Kolumbus ya isa Amurka. Zinariya ta kawo su da farko. A 1637 'yan Holan suka hau tudun da ke kallon ginin, suka girke igwa, suka ƙwace shi. Ingila ta karɓa a 1872.

6/ Abin da ya fara damuna shi ne wurin yana da kyau. Kyau na gaske. Ɗakin gwamna a can sama, tagogi ta ko'ina, iskar teku na kaɗawa, daɓen katako. Da otal ne da ba kowa zai iya biyan kuɗin kwana ɗaya ba.

7/ Sai mai yi mana jagora ya ce mu sauko. Kurkukun mata. Duhu, zafi, da wani wari da har yau bai bar bangon ba. A nan suke kwana, a nan suke bawali da bayan gida, a nan jinin al'ada, makonni ko watanni har jirgi ya zo. Ya ɗaga hannu ya nuna mana baranda a sama: nan gwamna ke tsayawa, a fito da matan tsakar gida, ya zaɓi wadda yake so. Akwai matakalar katako da ake bi da ita zuwa ɗakinsa.

8/ A saman wannan ɓangaren kuma cocin 'yan Holan yake. Ana ibada a sama, mutane na mutuwa a ƙasa. Haka ma a Cape Coast, cocin Ingilishi a kan kurkukun maza.

9/ Akwai ɗakuna biyu kusa da juna. Ɗaya na sojan Bature da ya yi laifi, yana da kafar shan iska. Ɗayan an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, na bayin da suka yi tawaye. Ba abinci, ba ruwa. Jagoran ya rufe mu a ciki, bai fi daƙiƙa goma ba. Babu wanda ya yi dariya da aka buɗe.

10/ Ƙofar ƙarshe, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa, siririya ce, sai ka karkace za ka wuce. Na leƙa. Masunta na ɗinkin raga, yara na ƙwallo a yashi. A ciki kuma furanni da wasiƙu da jikokin bayi daga Amurka da Jamaika suke ajiyewa. Wata dattijuwa a ayarinmu ta dafa bango tana kuka.

11/ Yadda ake koya mana a makaranta, wannan labarin Turawa ne da mutanen bakin teku. Mu 'yan Arewa kamar maƙwabta ne da suka zo gaisuwar mutuwa, a yi addu'a a shafa a tashi. Kawu bai yarda da haka ba, kuma da daddare muna cin kifi ya faɗa mini dalili.

12/ Ya ce, "Ɗana, ka san me ya kawo kakanninmu ƙasar nan?" Na ce goro, Kawu. Ya ce to, goro da me ake saye? Fataken Kano da Katsina, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna yin watanni da jakuna zuwa Gwanja. Suna kai kanwa, tufafi, fata. Suna kai mutane. Salaga ita ce babbar kasuwar, kuma har yau akwai wuri a can da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Sunansa Wankan Bayi. Da Hausa, ba fassara.

13/ Ashe harshen da ya sa wa Kasoa suna shi ya sa wa wancan. Na ji daɗin na farko a mota. Na biyun kuwa, kifin ma sai ya daina shiga.

14/ Kafin 'yan tarihi su taso mini: eh, lokacin da Salaga ta fi bunƙasa ƙarni na 19 ne, bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, Holan a 1814. Da yawa cikin bayin lokacin Asante suka saye su don noma da haƙar zinariya, ba su ga teku ba. Amma wasu sun gani ta wata hanya.

15/ Tsakanin 1831 da 1872, Holan ta kwashi kimanin mutum 3,000 daga Elmina zuwa Jaba, Indunusiya ta yau, su yi mata soja. Da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka saya a Kumasi, aka ce an 'yanta su, kuɗin fansar kuma daga albashinsu ake cira. Waɗanda suka dawo sun zauna a wani tudu a Elmina, har yau ana kiransa tudun Jaba.

16/ Ba nan aka tsaya ba. A yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausawa daga Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu. A 1896 kuma a cikin wannan ginin aka tsare Sarkin Asante Prempeh kafin a kai shi Saliyo. Can Barazil, a Bahiya, Hausawa bayi sun shirya tawaye a 1807, suna kuma cikin Musulmin da suka tashi a 1835. Su ta Legas da Wida aka fi fitar da su.

17/ Wato mai sayarwa namu ne, wanda aka sayar namu ne, mai riƙe bindiga ma namu ne. Ni wannan ne ya hana ni barci, ba warin kurkukun ba.

18/ Yayana, ɗan Kawu, ya ce ai bautar wajenmu daban ce: akwai murgu, bawa na iya fansar kansa, wasu bayin sarki ma sun fi 'ya'ya ƙarfi a fada. Gaskiya ne, Yaya. Amma yarinyar da aka kama a harin asuba, aka raba ta da uwarta, aka yi musayarta da ƙwaryar goro, ban ga abin da wannan bambancin ya rage mata ba.

19/ Kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Akwai masu rai yau da aka haifa kafin nan. Ku da kanku kun san gidajen da in an zo neman aure ake cewa "a bincika asali", kun kuma san abin da ake nufi. Su Ghana sun buɗe kurkukunsu kowa ya shiga ya gani. Mu rinjinmu ya zama sunan unguwa kawai.

20/ Maganar hoto: a sama wajen igwa na ɗauka, kowa na ɗauka, wurin ya cancanta. Amma mai ɗaga yatsu biyu yana murmushi a cikin kurkukun mata, don Allah a bari.

21/ Cape Coast washegari muka je. 'Yan Suwidin suka fara gini a 1653, Ingila ta ƙwace a 1664, Obama ya ziyarta a 2009. Gidan tarihinsa ya fi na Elmina bayani. Mun kuma hau gadar igiya ta dajin Kakum, ƙafafuna na rawa, Yaya na ta yi mini dariya.

22/ Kawu ya ce in na dawo hutun ƙarshen shekara zai kai ni Salaga da kansa, ta Tamale za mu bi. Yana so ya nuna mini rijiyoyin garin da unguwar da kakansa ya sauka da jakunansa. Na tambaye shi me kakan ya ɗauko daga Kano a wannan tafiyar. Ya ce kanwa, sannan ya ce in miƙo masa buta.