Sai Bango Ya Tsage

A garin Mokolo, hedkwatar sashen Mayo-Tsanaga da ke gindin duwatsun Mandara, akwai wani matashi mai shagon kwamfuta. Idan lokacin rajistar jarrabawa ya kama, ɗalibai kan yi layi a gabansa, kowa riƙe da hotonsa da takardar haihuwarsa, shi kuma ya loda su a shafin intanet. A ganinsa aikin bai wuce miƙa wa direban motar Marwa saƙo ba.

Da ya soma koyon gina shafuka, sai ya nemi manhajar da za ta karɓi takardun mutane a nasa shafin. A nan ne ya ci karo da labarin jQuery File Upload, wadda wani Bajamushe mai suna Sebastian Tschan ya rubuta, dubban magina shafuka kuma suka kwafa. A watan Oktoba na 2018, Larry Cashdollar, mai bincike a kamfanin Akamai, ya nuna cewa maɓarnaci na iya loda fayil mai ɗauke da umarni a maimakon hoto, sabar da ke riƙe da shafin ta karɓa ta kuma zartar da umarnin. Daga nan komai na cikin sabar ya shiga hannunsa. Aka ba wannan kafa lamba CVE-2018-9206.

Abin da ya fi ɗaure wa matashin kai shi ne musabbabin lamarin. Tschan bai bar ƙofa a buɗe da gangan ba. Ya dogara ne da wani ƙaramin fayil mai suna.htaccess domin ya hana zartar da irin wannan umarni. To amma a ƙarshen 2010, daga siga ta 2.3.9, manhajar Apache ta daina kula wannan fayil sai in mai saba ya umarce ta. Mai gida ya kwanta bisa zaton akwai mai gadi, alhali an sallami mai gadin tun tuni. Haka aka zauna kusan shekara takwas kafin a toshe kafar a siga ta 9.22.1.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan tsagar kuwa ta fito ne a mahaɗar bango biyu, inda kowane magini ya ɗauka ɗan'uwansa ya yaɓe.

Matashin ya tuna da fuskokin ɗaliban da ke miƙo masa takardunsu ba tare da fargaba ba, ya san amana ce a wuyansa. Tun daga ranar ya tsara shafinsa kada ya karɓi kome sai hoto da PDF, ya riƙa duba cikin fayil maimakon gaskata sunansa, ya sauya wa kowane fayil suna, ya kuma ajiye su inda saba ba ta zartar da umarni. Duk manhajar da ya aro, sai ya bincika a kan me ta dogara kafin ya ɗora mata takardar kowa.