Sunaye Tara a Takardar Koci

A wasan besbol na jami'o'in Amurka, kafin a jefa ƙwallon farko, koci yakan miƙa wa alƙalin wasa 'yar takarda mai sunayen mutum tara da za su yi bugu, bi da bi. Ƙungiya kuwa tana da yara fiye da talatin. Kusan rabinsu majefa ne, sauran duk jira suke a miƙa musu sanda. Na daɗe ina zama a gefen mai cike wannan takarda. Da farko ɗalibi ne ni, ina rubuta alƙaluman wasa don in samu na kashewa. Daga baya na zama mataimaki mai kula da bidiyo da lissafin masu bugu a wata ƙaramar jami'a. Hukunci ba a hannuna yake ba, amma ni ake juyowa a tambaya: yaron nan da ya kasa, a bar shi ko a zaunar da shi? Babu tambayar da ta fi hana ni barci a wannan aiki.

Sai mutum ya san wahalar bugun kafin ya gane nauyin tambayar. Tsakanin majefi da mai bugu mita 18 ne da 'yan kai. Ƙwallon da ke gudun kilomita 145 a awa tana cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma a ciki ne mai bugu zai gane ko miƙaƙƙiya ce ko mai karkacewa, ko za ta bi ta inda ya kamata ya kai mata duka ko ya ƙyale ta. Wanda ya ci sau 3 cikin 10 gwani ake ce masa. A babbar gasar ƙwararru, tun da Ted Williams ya haura 4 cikin 10 a 1941, ba a sake samun wanda ya ƙare cikakkiyar kaka a haka ba. To ga yaro ɗan shekara 18, wanda a sakandare shi ne sarkin garinsu, yau an tsayar da shi gaban ƙato ɗan shekara 22 mai jifan da ke tahowa kamar za ta bi ta ƙugunsa, sai ta kauce ta faɗi a ƙasa. Yaro ya kai duka ya doki iska. A sati na biyu ya fara kallon takalminsa idan yana komawa benci.

Kakar jami'a kuma gajera ce. A rukunin farko na hukumar NCAA wasanni 56 ne iyaka, daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu, sannan masu sa'a su shiga gasar ƙungiyoyi 64 da ke ƙarewa a Omaha cikin Yuni. Wanda bai taɓa zama a benci ba yakan samu damar bugu wajen 200 a kaka. Shi kuwa sabon yaro, a kan 30 ko 40 ake yanke masa hukunci. Ku duba lissafin: a dama 40, gwani mai 3 cikin 10 zai ci 12, matsakaici mai 1 cikin 4 zai ci 10. Bugu biyu ne tsakaninsu, wato ƙwallo ɗaya da iska ta tura hannun mai tsaro da wata da ta ci karo da tudu. Wani manazarcin alƙaluman besbol, Russell Carleton, ya nuna cewa yawan fitar da mai bugu ke yi da kuskure uku yakan fara faɗin gaskiya tun daga dama 60, amma adadin cin bugu sai an haura 900. Ke nan lambar da ake haskawa a allon fili, wadda iyaye ke ɗauka hoto su aika wa dangi, ba ta isa shaida ba ko da yaro ya yi kaka huɗu cur.

Saboda haka ni ba ita nake kallo ba. Ina da takarda mai zanen akwati, da biro biyu, shuɗi da ja. Duk ƙwallon da aka jefo wa yaro sai in ɗiga mata alama a inda ta bi: shuɗi idan ya yi abin da ya dace, ja idan ya kai wa ta banza duka ko ya bar ta kirki ta wuce. Da daddare in koma bidiyo in duba ƙafarsa ta gaba, ko ta sauka a kan lokaci, da kansa, ko yana tsaye ko yana bin sandar. Akwai wani yaro mai tsaron tasha ta biyu, siriri, ba ya son magana, wanda ya yi makonni bugunsa bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma takardarsa shuɗi ce fal. Yana ƙyale mai karkacewa ta faɗi, yana dukan miƙaƙƙiya da ƙarfi, sai dai ta tafi kai tsaye hannun mutane. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Abin da aka saba yi wa irin wannan yaro shi ne abin da na fi tsana a besbol ɗin jami'a. Ba za a bar shi ya buga ba, ba kuma za a ce masa ya huta ba. Sai a riƙa ɗiga masa dama: yau a zagaye na tara, an riga an sha kashi, ana sanyin Fabrairu mai sa sandar ƙarfe ta yi wa hannu zafi, a ce masa ya tashi. Ya yi awa uku a zaune cikin rigar sanyi, ya fito ya fuskanci majefin da aka ajiye musamman don rufe wasa. Jifa uku, ya dawo. Sai kuma bayan kwana tara. Ya san duk fitar da ya yi jarrabawa ce, don haka yana matse sandar har jijiyoyin hannunsa su fito, yana kai wa komai duka. Daidai yake da manomin da ke tone irin da ya shuka kowace safiya don ya ga ko ya tsiro. Ga kuma asarar da ba a gani a fili: dokar NCAA ta ba ɗan wasa shekara biyar ya buga kaka huɗu, kuma a shekarun da nake wannan aiki, tsayuwa ɗaya tak a wasan gasa ta isa ta cinye kaka guda, in ba rauni ne ya fitar da shi ba. 'Yan ƙwallon zari-ruga irin na Amurka sun samu sassauci a 2018, suna iya buga wasa huɗu shekararsu na nan. Mu ba mu da wannan. Dama goma sha wani abu da aka watsa wa yaro a wata uku, kashi ɗaya cikin huɗu ne na rayuwarsa a jami'a.

Babban kocinmu dattijo ne da ba ya ɗaga murya. Na kai masa takardar yaron, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kira shi ofis. Yaron ya shigo da hularsa a hannu, ya tsaya bakin ƙofa. Koci ya ce, "Zauna, ɗana. Daga yau har ƙarshen Maris, wasan Talata da na Lahadi naka ne. Ka ci, ka faɗi, sunanka na nan. Ba allo zan duba ba, wannan takardar zan duba." Yaron ya ce, "Koci, ko da ban ci ko ɗaya ba?" Ya ce, "Ko da ba ka ci ba." A wasan Talatar farko bai ci komai ba. Amma na ga yatsunsa suna motsi a kan sandar kafin jifa, alamar ya sassauta riƙo, kuma ya dawo benci yana gaya wa na gefensa yadda ƙwallon ke fita daga hannun majefin. Kafin wa'adin ya cika ya fara tsallake kan masu tsaro. Bai zama tauraro ba, bai kuma shiga ƙwararru ba. Ya zama ɗan wasan da ake iya dogara da shi shekara uku.

Duk kocin da ke son haƙuri da yaro yana da labarin da yake kafa hujja da shi. Willie Mays ya fara wa New York Giants wasa a Mayun 1951, ya yi tsayuwa 12 bai ci ba, sannan ya tsallake katanga da jifan Warren Spahn, ya sake shiga fari. Kocinsa Leo Durocher ya tabbatar masa gurbinsa na nan, kuma ya yi ritaya da bugun tsallake katanga 660. Dustin Pedroia na Boston ya ƙare Afrilun 2007 bai kai 2 cikin 10 ba, kocinsa Terry Francona ya ƙi cire shi, ya ƙare shekarar a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasa. Ina son labaran nan, amma ba na yarda a rufe mini baki da su. An riƙe su ne don sun ƙare da kyau. Kuma Francona yana da wasa 162 a gabansa, da ƙananan ƙungiyoyin da zai tura yaro ya gyaru ya dawo. Mu 56 gare mu, bayan benci kuma babu ko'ina.

Sannan duk gurbin da aka ba sabon yaro, daga hannun wani aka karɓe shi. Zuciyata ga sababbi take karkata, ba zan ɓoye ba. Na san yadda baƙo yake ji a wurin da kowa ya iya abin da shi bai iya ba, na yi shekarar farko a Amurka ina haɗiye magana don tsoron a ce in maimaita. Amma mai tsaron tasha ta biyu na asali ɗan shekarar ƙarshe ne. Ya yi shekara uku yana ɗaga ƙarfe da asuba. Ya san ba za a kira sunansa a zaɓen ƙwararru ba, wanda tun 2021 aka mayar zagaye 20 daga 40 da aka saba. Tallafin karatu kuma, har zuwa 2025, daidai da na mutum 11.7 kawai doka ta yarda a raba wa ƙungiya duka, don haka iyayensa ne ke biyan mafi yawan kuɗin makarantarsa. Ya same ni a ɗakin bidiyo ya ce, "Koci, shi yana da shekara uku a gaba. Ni wasa nawa ya rage mini?" Ba ni da takardar da za ta amsa wannan. Abin da dattijon ya yi shi ne ya gaya masa a ranar da ya gaya wa ƙaramin, da bakinsa, kafin ya ji a ɗakin canza kaya: Juma'a da Asabar nasa ne, babu mai taɓa su. Bai ji daɗi ba. Amma ya san inda ya tsaya, kuma alƙawarin duka biyun ba a saɓa ba.

Akwai kuma wanda takardarsa ja ce. Ƙaƙƙarfan yaro, a atisaye yana aika ƙwallo bayan katanga, amma tun wasannin gwaji na kafin a buɗe kaka ya nuna ba ya gane mai karkacewa sai ta wuce. Ba shi wa'adi a fili zalunci ne a kansa da kan ƙungiya. A farkon Fabrairu aka zaunar da shi aka ce bana ba zai buga ko ɗaya ba, zai yi atisaye, ya ajiye shekararsa, da rani a nema masa gasar da ake bugu da sandar katako. Ya fita bai ce uffan ba. Da yamma mahaifinsa ya kira, ya tuna mana abin da muka faɗa a falonsa ranar da muka je neman ɗansa. Yana da gaskiyarsa.

Yanzu jarabar ɗiga dama ta ƙaru. Tun 2018 akwai rajistar masu neman sauya makaranta, daga 2021 kuma yaro na iya tafiya ya buga nan take ba tare da zaman shekara ba. Sai ka ga koci yana jefa wa yaro dama ɗaya a mako, ba don ya koya ba, don dai kada ya tafi. Ana cinye masa shekara don a riƙe shi. Mu mun san wannan yaron zai iya tafiya, kuma ya tafi. A watan Yuni ya sa sunansa a rajista, ya koma kwalejin shekara biyu inda zai buga kullum, da kakarsa huɗu cif a hannu. Sabon kocinsa ya kira ni yana neman bidiyo. Na aika masa duka, har da takardun jan biro, na kuma gaya masa ya fara da ƙafar gaba, domin tana sauka da wuri.