Hotunan da Baba Ya Bari a Gwangwanin Madara



Bayan sadakar arba'in ta ɗaya daga cikin dattawanmu na Agege, Allah Ya jiƙansa, iyalansa sun kawo mana tsohuwar kyamara da wani gwangwanin madara cike da fim ɗin hoto wankakke, wanda masu hoto ke kira nagatif. Suka ce ba su san amfaninsa ba, har sun kusa zubarwa. Marigayin ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Apapa da Kano, ashe duk inda ya tsaya jiran lodi sai ya ɗauki hoto.

Da ƙyar muka sami mai iya fitar da su, don yawancin shagunan hoto sun daina harkar fim. Da hotunan suka fito, jikinmu ya yi sanyi. Ga 'yan dako sun goyo buhuna a bakin tashar Apapa. Ga jiragen ruwa a tsibirin Tin Can, tashar da aka buɗe a 1977. Ga kwalekwalen masunta a ƙarƙashin gadar Carter. Har da wasu samari sanye da kaftani ranar sallah a Bar Beach, wurin da yanzu aka cike da yashi ana gina Eko Atlantic. Wani dattijo da muka nuna wa ya ɗora yatsa a kan fuska ɗaya ya ce, "Wannan wana ne." Ya daɗe bai sake magana ba.

Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku ya lalace. Laimar Ikko ba ta barin fim: fumfuna ta cinye wasu, wasu kuma sun manne da juna.

Wannan ya sa muka ce bari mu gwada kyamarar. Muka sayi fim ɗaya mai ɗaukar hoto 36, muka shiga jirgin ruwa da sassafe zuwa Tarkwa Bay, inda manyan jirage ke wucewa kusa da gaɓa kafin su shiga tasha. Mu da muka saba danna waya sau ɗari, ranar mun koyi haƙuri. Fim ba a gogewa, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Hasken safiya ya fi kyau, domin da rana ta take, ƙyallin ruwa kan kashe hoton. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, dole kyamara ta zauna a jaka sai lokacin ɗauka. Mun nemi izinin masunta kafin mu ɗauke su, ba mu kuma nuna kyamara wajen jami'an tsaro ko cikin tasha ba, don wannan sai da izinin hukuma. A cikin 36, guda 19 ne suka yi kyau.

Wurin ma ba kamar da ba ne. A Janairun 2020 aka tashi mazauna Tarkwa Bay daga gidajensu. Bakin ruwan Legas yana sauyawa a gaban idonmu, dattawan da suka san fuskokin da ke cikin tsofaffin hotuna kuma suna ta tafiya.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa, duk mai tsohon fim ko hoto a gida kada ya zubar. A cire shi daga leda, a sa a ambulan na takarda, a ajiye wuri busasshe, a riƙa kama shi ta gefe. A kawo mana a taron wata, mu kwafa a kwamfuta, mu rubuta sunaye da wurare tun masu sani suna raye, sannan mu mayar wa kowa nasa. Yaranmu da aka haifa a nan suna tambayar yadda kakanninsu suka zo kurmi, kuma gani ya kori ji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan.

Sakataren ƙungiya