Ɗan Kama Mai Gita

A Bazaga akwai wani tsohon malamin lakwal wanda ya yi shekara da shekaru yana horon yara da kada su yi wasa da abinci. Ranar bikin rufe karatu, jikansa ya fito fili da gitar da ya ƙera da galan da wayar birki. Ya ɗauko sautin kiɗan rok irin wanda Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya kai har Amurka, ya zubar da kalmominsa, ya zuba kirarin tuwo da miyar kuka. Taro ya tuntsire da dariya. Tsohon ya tashi ya tafi gida.

Yana da dalilinsa. A 1984 damina ta gaza, kuma tun watan Afrilu gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya. Mutanen ƙasar Ƙonni, waɗanda cinikinsu ke haɗe da na Illelar Najeriya, sun sha wuyar yunwar da ake kira El-Buhari. Shi kuwa a idonsa ajinsa ya dinga raguwa, benci bayan benci.

Da magariba yaron ya zo kare kansa da waya a hannu. Ya nuna masa yadda Weird Al Yankovic ya juya "Beat It" ta Michael Jackson, wadda Eddie Van Halen ya kaɗa wa gita, ta koma "Eat It", har ta ci lambar Grammy a 1985. Tsohon ya nemi ma'anarta, aka ce masa faɗa ne ake yi wa yaron da ya ƙi cin abinci. Da ya ji a 1984 ta fito, ransa ya ƙara ɓaci, ya ce wannan raha ce ta masu ƙoshi.

Sai dai barci ya ƙi zuwa. Ya tuna ƴan kaman da yake tsayawa kallo a kasuwar Ƙonni, masu ɗaukar waƙar Mamman Shata ko salon wa'azin malamai su mayar zancen fura da nama. Sana'ar tsohuwa ce, tun 1967 wani Bature, C. G. B. Gidley, ya yi nazari a kanta. Ya tuna kuma cewa waɗanda suka fi ƙyaƙyata dariya a gaban ɗan kama su ne masu rumbun da ya kusa ƙarewa. Ashe yaron magajin ƴan kama ne, gitar kaɗai ce baƙuwa.

Da safe ya aika aka kira shi, ya sa ya maimaita waƙar daga farko. Ya saurara har ƙarshe, fuska a ɗaure, sa'an nan ya ce baitin miyar kuka ya fi kiɗan tsawo, a rage masa gaɓa biyu.